Ɗigon da Ya Ɓace

"A ƙara ɗaga shi ta hagu," in ji Darakta. "Ba hagunka ba, malam, haguna."

Masu ɗaurin suka ɗaga ƙyallen, ya miƙe a saman ƙofar ɗakin gwaje-gwaje daga wannan bango zuwa wancan. Dakta na tsaye a bayansu da makulli a hannu, ta rasa ta inda za ta shiga ɗakinta. Hotonta ne a jikin ƙyallen, wani da aka ɗauka shekara goma baya, an goge mata fuska har tana sheƙi kamar sabon faranti. A gefen hoton an zana lamba da jan launi, tsayinta ya kai ƙugun mutum: 47. Can ƙasa kuma an rubuta, AMBATO 612.

"Uwar Gawayi da kanta," in ji Darakta da ya waiga ya gan ta. Ya washe baki. "Kin ga aiki? Yau sai sun san muna da nano a jami'ar nan."

Daraktan Bincike da Auna Tasiri ke nan. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, kuma wata uku kacal da ya koyi kalmar nano, amma ya riga ya cinye ta. Taro nano, shayi nano, har direbansa ya fara cewa motar Oga tana da matsalar nano. Da za ka tsare shi ka ce ya faɗa maka abin da kalmar ke nufi, sai ya duba agogo ya tuna yana da ganawa. Abin da ya iya a duniya shi ne ƙirge. Yana da wani jadawali a kwamfutarsa mai ɗauke da sunan kowane malami da adadin sau nawa aka ambaci takardunsa a takardun wasu, kuma da wannan jadawalin yake gaisawa da mutane. Mai ɗari biyar ya samu hannu biyu. Mai ashirin sai ɗaga gira.

"Ƙarfe sha ɗaya za su iso," ya ce. "Minti goma sha biyar gare ki. Kada ki shiga dogon bayanin nan naku. Ki nuna musu baƙin garin, ki faɗi arba'in da bakwai, ki faɗi ɗari shida da sha biyu, ki yi murmushi. Sauran ki bar mini."

"Na ji, Darakta."

"Kin dai san abin da ke ƙasa."

Ta sani sarai. Hukumar da ke ɗaukar nauyin bincike ta ce ɗakin gwaji ɗaya za ta ci gaba da riƙewa a tsangayar, cikin uku. Yau kwamitinta zai zaga ya zaɓa. Ɗakunan da suka faɗi za a kwashe kayansu a kai sito, kuma kowa ya san Darakta ya daɗe yana auna faɗin nata da ido, don yana son wurin da zai zuba kujerun baƙi. In ɗakin ya tafi, tanderunta ya tafi, ɗalibanta huɗu kuma su nemi wani malamin su fara daga farko. Ɗaya daga cikinsu wata shida ya rage mata ta kammala.

Ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin tsani ta buɗe ƙofa.

Ɗakin na nan yadda ta bar shi, sai dai an wanke tagogi, abin da ba a yi ba tun zuwanta. Tanderu a kusurwa, ma'auni cikin akwatinsa na gilashi, kwalabe jere a kan kantar aiki, kowace da baƙin gari a gindinta. Aikinta ke nan shekara goma sha huɗu. Tana ƙona gawayi da wasu sinadarai a zafin da zai narkar da tukunya, har sinadarin kabon da ke ciki ya koma wasu siraran bututu da ido ba ya gani, irin da ake kira nano, waɗanda sai an haɗa dubbai kafin su kai kaurin gashi guda. In aka zuba garin a ruwa mai gubar dalma, sai ya zuƙe gubar. Tambayar da duk masu wannan fanni ke yi ita ce, giram ɗaya na garin, miligiram nawa na dalma zai zuƙe? Takardar da ta fitar da sunanta ta ce arba'in da bakwai.

Huɗu da ɗigo bakwai ne.

Ta ja aljihun tebur na ƙasa ta ciro littafin gwaji mai koren bango, ta buɗe shafin da ya saba buɗe kansa. Duk wanda ya yi aiki da wannan gari ya san halinsa. Ba ya zama a kwalba. Yana shiga hanci, ya shiga ƙarƙashin farce, ya bi shafukan littafi ya yi musu ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda. Mutum yakan saba, ya riƙa karanta rubutunsa yana tsallake baƙaƙen ƙwayoyin ba tare da ya lura ba. Shekara bakwai da suka wuce, tana kwafe sakamako daga littafin zuwa kwamfuta, idonta ya ga ɗigon da ke tsakanin huɗu da bakwai ya ɗauka ƙwayar gari ce. Ta tsallake shi. Masana uku suka duba takardar kafin a buga, masu manyan digirori da manyan gilasai, babu wanda ya ce uffan. Mujalla ta buga. Duniya ta ɗauka.

Wanda ya gano kuwa ko sakandare bai gama ba.

Babanta shekara talatin da shida ya yi yana duba kurakurai a maɗaba'a kafin ya yi ritaya. Bai san kabon ba, bai san dalma ba, amma ba a ba shi bugaggen abu ya karanta haka kawai. Sai ya nemi asalin rubutun ya ajiye a hagu, bugaggen a dama, ya ɗora rula yana bi layi-layi. Ranar da ta kai masa mujallar don ya sa albarka, sai da ya sa ta koma ta ɗauko masa koren littafin. Kwana biyu yana bi. A rana ta uku ya kira ta, ya nuna mata wurin, ya sa farcen babban yatsa ya kankare ɗigon. Ƙwayoyin da ke kewaye suka tashi. Shi bai tashi ba.

"Wannan tawada ce, Uwata," ya ce. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Kin yar da ɗigo a hanya."

A ranar ta rubuta wa mujallar wasiƙar gyara. Tana nan cikin littafin, a ninke, ta yi ja don tsufa. Da farko ta ce bari a gama maganar ƙarin girma. Da aka yi ƙarin girma, ta ce bari tallafi ya fito, tunda da takardar aka nema. Da tallafi ya fito aka sayi tanderu, sai ya zama ambato ya haura ɗari biyar, Darakta ya fara ba ta hannu biyu. Kullum da dalili, kuma dalilan nata ba su fi na Darakta tsabta ba. Ta san haka, shi ya sa in tana raina shi takan ji rainin yana dawo mata.

Yau da safe ma Baba bai fasa ba. Yana zaune a falo da jarida da jan biro, yana yi wa labaran mutane gyaran da ba wanda ya sa shi.

"Yau ne baƙin naku?"

"Yau ne, Baba."

"Allah ya ba da sa'a. An mayar da ɗigon?"

"Baba, don Allah, ba yau ba."

"Ni ban ce yau ba. Tambaya na yi." Ya zagaye wata kalma a jaridar. "Mu a maɗaba'a, in ka bar kuskure ya fita, kai za ka bi akwatunan ka manna gyara a kowane kwafi da hannunka. Na taɓa manna dubu uku saboda waƙafi ɗaya."

"Zamani ya canja."

"Haka nake ji ana faɗa."

Yanzu a ɗakin gwajin, ta mayar da wasiƙar cikin littafin, amma ba ta mayar da shi aljihu ba. Ta bar shi a kan tebur, ta ɗora masa kwalba.

Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce. Sai ɗaya saura kwata aka ji takun takalma da muryar Darakta tana gaba tana share hanya. Mutum huɗu ne. Shugaban kwamitin wani tsohon farfesa ne mai ƙaton tumbi, wanda aka ce ya taɓa yin bincike a wani zamani, ko da yake ba wanda ya tuna a kan me. Sai mutum biyu da tun shigowarsu idonsu ke kan waya. Na ƙarshe magatakardan kwamitin ne, siriri, mai kimanin shekara arba'in, furfura ta fara cin gefen kansa, rungume da fayil. Shi kaɗai ne bai ɗaga kai ya kalli ƙyallen ba. Da ya shigo, tanderu ya fara duba, sannan ma'auni, kuma Dakta ta lura ya ja hannun rigarsa sama kafin ya matso kusa da kantar kwalaben, yadda masu aikin ke yi.

Darakta bai bar ta ta buɗe baki ba. Ya yi minti goma yana zuba. Nano ce makomar duniya. Nano za ta wanke ruwa, ta warkar da cuta, ta samar wa matasa aiki. Ya ce garin da ke kwalbar nan ya fi zinariya, ya ɗaga kwalbar sama, ashe ta yashin wanke kwalabe ya ɗauka. Ba wanda ya gane, sai magatakarda da ya sunkuyar da kai ya yi kamar yana rubutu.

"Ɗari shida da sha biyu, ranka ya daɗe," in ji Darakta. "Ɗakunan can biyu, in ka haɗa su ka ninka, ba su kai rabi ba."

"Madalla," in ji Shugaba. Ya juya wajen Dakta. "To, 'yata, me za ki ƙara?"

Shekararta arba'in da takwas, amma ta haɗiye 'yatan. Ta yi bayanin da aka ce ta yi. Ta nuna garin, na gaskiyar. Ta zuba shi a ruwa ta motsa, ta tace, suka leƙa suka gyaɗa kai kamar sun ga dalmar tana fita. Ta faɗi yawan ɗalibanta. Ta kauce wa lambar kamar yadda ake kauce wa rami a hanyar da aka saba bi, ta bar ƙyallen ya faɗa a madadinta. Shugaba ya duba agogo. Ya riga ya zaro biro zai sa hannu a fom.

"Ranka ya daɗe, ina da 'yar tambaya," in ji magatakarda.

"Kai kuma? Aikinka rubutu ne."

"Don rubutun ya fita daidai ne." Ya dubi Dakta. Muryarsa ba ta da ƙarfi. "Dakta, bayan wancan karon, kin taɓa sake samun arba'in da bakwai?"

Darakta ya yi wata dariya. "Kai, malam, ana maganar abin da duniya ta amince da shi sau ɗari shida..."

"Na'am, na gani a ƙofa. Ita nake tambaya."

Shekara bakwai tana jiran wani ya yi mata wannan tambaya, a taruka, a wasiƙu, a gaban manyan masana, ba wanda ya yi. Ta shirya amsoshi iri-iri tun tuni: yanayin zafi, irin gawayin, tsamin ruwa. Duk suna nan a bakinta. Ta tuna ɗalibar da wata shida ya rage mata. Ta dubi tanderu. Sannan ta dubi mutumin, ta ga ba tarko ya ɗana mata ba. Kallon da yake mata irin na mara lafiya ne da ke jiran likita ya buɗe sakamako.

"Ban taɓa samun arba'in da bakwai ba," ta ce. "Ko a wancan karon. Huɗu da ɗigo bakwai na samu. Ɗigon ne ya faɗi wajen kwafa, ni na yar da shi. Na sani tun shekara bakwai, ban gyara ba."

Ta dafa tebur. Shi ke nan, ta ce a ranta, a zo a kwashe.

Ɗaya daga cikin masu waya ya ɗago kai, ya ga ba faɗa ake ba, ya mayar. Shugaba ya cire gilashi ya goge da gefen riga.

"Ɗigo," ya ce.

"Ɗigo, ranka ya daɗe. Garin bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta ba... wato, kashi ɗaya cikin goma ne daidai."

"To." Ya juya wajen Darakta. "Wannan zai rage ɗari shida da sha biyun?"

Fuskar Darakta, da ta yi fari-fari, ta fara dawowa. Ka ga mutum yana lissafi a tsaye. "Ko ɗaya, ranka ya daɗe. Ambato ambato ne, na'ura ba ta tambayar dalili. Hasali ma, in ta buga gyara, gyaran ma takarda ce, za a ƙirga mata. Waɗanda za su zo su ce an yi kuskure kuma, dole su ambace ta kafin su ce an yi. Ina ganin kafin baɗi mu haura ɗari bakwai."

"Ka ji," in ji Shugaba. Ya buɗe fom ɗin ya bi da yatsa. "Ga gurbin yawan takardu. Ga gurbin ambato. Ga gurbin ɗalibai. Ni ban ga gurbin ɗigo ba." Masu waya suka yi dariya, tunda Shugaba ne ya yi barkwancin. "'Yata, kin cika tsoron Allah, abin a yaba ne. Amma mu tasiri aka aiko mu aunawa. Wa ya taɓa rubuta takarda babu kuskuren bugu? Ni kaina akwai wadda aka juya mini hoto ƙafa a sama, har yau ba wanda ya yi magana."

"Ranka ya daɗe, ba kuskuren bugu ba ne kawai. Duk wanda ya dogara da lambar nan..."

"Sun dogara, shi ya sa suka ambata. Shi ne tasirin." Ya rattaba hannu, ya miƙa wa masu waya suka rattaba ba tare da sun karanta ba. "Ɗakinki ya tsaya. Magatakarda, maganar ɗigon nan ba sai ta shiga rahoto ba, hira ce. Darakta, ka ce an tanadi abinci?"

Suka fita kamar yadda suka shigo, Darakta na gaba. A bakin ƙofa ya waigo ya ɗaga mata babban yatsa, ya rage murya ya ce, "Kin iya wasa, Uwar Gawayi. Gaskiya a gaban kwamiti, ban taɓa tunanin wannan dabarar ba."

Ta zauna a kan doguwar kujerar gwaji. Ta yi zaton in ta faɗa za ta ji sauƙi, ko kuma a hukunta ta ta ji zafi. Ba ta samu ko ɗaya ba. Abin da ta ɓoye shekara bakwai, wanda ya hana ta kallon idon mahaifinta, ta ɗauko ta ajiye a gabansu, sun tsallake shi sun tafi cin abinci. Takaici ya cika ta, har da na ɗakin da ta samu.

Sai ta ji motsi. Magatakarda bai fita ba. Yana tsaye wajen kantar kwalaben, fayil a ƙirji.

"Ba za ka ci abincin ba?"

"Zan same su." Ya nuna koren littafin da haɓa. "Shi ne wannan?"

Ta ɗauke kwalbar ta tura masa. Bai tambayi shafi ba, littafin ya buɗe kansa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa farce ya kankari wurin a hankali, sau biyu, ya hure. Ɗigon na nan.

"Ka yi wannan aikin," ta ce. Ba tambaya ba ce.

"Shekara uku da wata huɗu. A wata jami'ar, ba nan ba. Digirin digirgir na shiga." Ya miƙe tsaye. "Malamina ya ba ni takardarki ya ce in fara da maimaita abin da kika yi, in na samu arba'in da bakwai sai mu ɗora namu a kai. Ya ce aikin wata biyu ne."

Ya ci gaba, idonsa na kan littafin.

"Na bi duk abin da kika rubuta, har irin kwalbar. Na samu huɗu da ɗigo shida. Na sake, huɗu da ɗigo takwas. Na canja gawayi, na canja ruwa, na wanke tanderu da hannuna. Sau ɗari biyu da goma sha ɗaya na yi, ina da su a rubuce. Huɗu da ɗigo bakwai ya fi fitowa." Ya ɗan yi murmushi. "Ashe ina ta samun daidai."

"Ba ka ce wa malamin naka ko takardar ce ba daidai ba?"

"Na faɗa, sau ɗaya. Lokacin ambatonki ya kai ɗari uku. Ya ce mutum ɗari uku sun yarda, sai kai ɗan wa? Ya ce a gaban sauran ɗalibai, wasu hannuwan ba na bincike ba ne, na ɗaukar fayil ne." Ya dubi fayil ɗin da ke ƙirjinsa. "Bai yi ƙarya ba, ga shi."

"Me ya sa ba ka rubuto mini ba?"

"Na rubuto, Dakta. Sau biyu."

Ta tuna. Ba sunan ta tuna ba, saƙon ta tuna, mai ladabi, mai tambaya ko akwai wani mataki da ba a sa a takardar ba. Ta buɗe shi, ta rufe, ta ce sai ta samu natsuwa. Na biyun ko buɗewa ba ta yi ba. Kunya ta rufe ta tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda ba ta ji ko kaɗan ba a gaban Shugaba.

"Matata ta sayar da keken ɗinkinta a shekara ta uku," ya ce, kamar yana karanta rahoto. "Ba ta taɓa yi mini gori ba. Amma har yau in yaranmu suka kawo aikin lissafi, sai ta ce su jira kawunsu ya zo. Ni ma ban cika yarda da hannuna ba. Ko gishiri aka ce in auna, sai na sake."

"Ka yafe mini," ta ce. Kalmar ta fito ƙarama, ta san ba ta kai ko'ina ba.

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya zaro ninkakkiyar wasiƙar da ta leƙo daga littafin, ya duba kwanan watan da ke samanta, ya mayar.

"Zan aika yau," ta ce. "Kafin in bar ɗakin nan. Zan sa sunanka, in ce kai ka samu lambar gaskiya sau ɗari biyu. Zan rubuta wa malaminka da kaina."

"Ya rasu bara."

"To jami'ar. Ko ka dawo nan, ga tanderu, ga..."

"Dakta, ina da yara huɗu da aikin gwamnati." Ya girgiza kai. "Ki aika wasiƙarki, Darakta zai ji daɗi, ɗari bakwai yake nema. Ni abu ɗaya nake so."

Ya buɗe fayil ya yage farar takarda daga ƙarshen littafin rahoto, ya ajiye a gabanta, ya ɗora bironsa a kai.

"Ki rubuta mini lambar da hannunki. Ki sa hannu a ƙasa."

"Wa za ka kai wa?"

"Ba kowa. Ni zan riƙa dubawa."

Ta share teburin da gefen hannu don kada ƙwayar gari ta hau takardar. Ta rubuta huɗu. Ta ɗora bakin biro a gefensa ta danna, ta juya, ta ƙara dannawa, har ta ji ya huda takardar ya taɓa katako. Sannan ta rubuta bakwai, ta sa hannu.

Ya ɗauka ya ɗaga ta wajen tagar da aka wanke. Haske ya ɓullo ta hudar.

"Wannan kam ba mai hure shi," ya ce.

Ya ninke ta huɗu, bai sa a fayil ba, ya sa a aljihun gaban riga ya rufe da maɓalli. Daga waje aka jiyo Darakta ya dawo yana kiran masu tsani, wai a sauke ƙyallen a hankali kada ya yage, babbar ƙofar jami'a za a kai shi, inda kowa zai gani.